Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Tiyar Ɗan Jarrabawa Tun Kaka Ake Ware Ta

 Ga hatsi ana ɗaurewa, ga wake ana roro, ga gujiya a shanya. A wannan lokaci kowane maigida yana zaune yana lissafi: wannan na ci ne, wannan na iri, wannan na zakka, wannan na biyan bashi, wannan kuma na biki. Lissafi ne mai kyau. Amma akwai kaso ɗaya da ake yawan mantawa da shi, wato kason yaron da zai yi jarrabawa a ƙarshen shekarar lakwal.

Wani zai ce: "Ai yanzu aka koma lakwal. Jarrabawa sai nan da wata takwas. Mene ne na gaggawa?" To, amsar tana cikin rumbu. Abin da yaro zai ci a watan Yuni, a watan Oktoba da Nuwamba ake samunsa da araha. Wanda ya bari sai ranar ta zo, zai tarar rumbu ya yi ƙasa, kasuwa kuma ta yi tsada. Shi ya sa magabata suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

JARRABAWA DA YUNWA A WATA ƊAYA SUKE ZUWA

A ƙasarmu ta Nijar manyan jarrabawa uku ne. Akwai satifika, wadda ƴan aji shida na firamare ke yi, wadda aka maido a shekarar 2024 bayan an daɗe ba a yin ta. Akwai birebe, wato BEPC, ta ƙarshen kwaleji. Akwai kuma bak, ta ƙarshen lise. Dukansu a ƙarshen shekarar karatu ake yin su, tsakanin watan Yuni da Yuli.

Manomi ya san abin da waɗannan watanni ke nufi. Bazara ce da farkon damana. Hatsin bara ya kusa ƙarewa, na bana ko tsiro bai gama ba. A gidaje da yawa an rage tukunya: inda ake ɗora ta sau biyu, ta koma sau ɗaya. Shanu da awaki sun rame, nono ya yi wuya. Zafin rana yana wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, lokacin da yara ke bitar karatu. In ruwan shuka ya sauka, kowane hannu ana bukatarsa a gona.

Ke nan ranar da ake so kan yaro ya fi aiki, ita ce ranar da cikinsa ya fi zama wofi. Yaron ya yi shekara shida ko goma yana zuwa lakwal. An sayi kaye da bik, an ɗinka tufafi, an yi haƙurin rashin hannunsa a gona da kiwo. Duk wannan wahala a cikin kwana biyu ko uku ake auna ta. Asara ce babba a ce tiya goma sha biyu ce ta hana a ga amfaninta.

ƘWAƘWALWA BA TA DA RUMBU

Nauyin ƙwaƙwalwar mutum wajen rabin tiyar hatsi ne kawai. Amma duk ƙarfin da jiki ke samu daga abinci, in an raba shi kashi biyar, kashi ɗaya ita ke cinye shi. Kuma ba ta ajiya. Abin da jini ya kai mata yanzu, shi take aiki da shi yanzu. Yaron da ya fita da safe bai sa kome a bakinsa ba, kafin hantsi ya yi sai hamma, sai ciwon kai, sai gyangyaɗi. Mushe yana bayani, shi kuwa hankalinsa yana wajen tukunya. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Akwai wata yunwa kuma wadda ba a gani. Yaro yana cin tuwo yana ƙoshi, amma jininsa bai cika ba. Wannan shi ne ƙarancin jini, kuma yana da yawa a ƙasarmu, musamman ga yara da mata. Jini yana bukatar sinadarin ƙarfe domin ya kai iska ga ƙwaƙwalwa. In ƙarfe ya yi kaɗan, yaro yakan gaji da wuri, ya riƙa jin jiri, ya karanta abu ya manta. Sai a ce malalaci ne ko daƙiƙi, alhali jini ne babu.

Uwa tana iya dubawa da kanta. Ta ja fatar idon yaro ta ƙasa, ta duba tafin hannunsa da harshensa. In ta ga sun yi fari fat maimakon ja, a kai shi gidan likita. Abubuwan da ke shanye jinin yaro sanannu ne: zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, da fitsarin jini da ake ɗauka wajen wanka a tafki ko a hanyoyin ban ruwa na fadama. Duk suna da magani. In an zo rabon maganin tsutsa da na fitsarin jini a lakwal, kada a hana yaro sha.

GA LISSAFIN TIYA

Mu ɗauki wata biyu na ƙarshe, wato kwana 60 na bita da na jarrabawa. Tiya ɗaya ta hatsi wajen kilo biyu da rabi ce. Yaro matashi yana bukatar wajen rabin kilo a yini. Ke nan tiya ɗaya tana kai shi kwana 5. Ga abin da ya kamata a ware wa yaro ɗaya:

Hatsi ko dawa: tiya 12.
Wake: tiya 3.
Gujiya ɓararriya: tiya 2.
Busasshen ganye na zogala, kuka, yakuwa ko tafasa: abin da zai cika ƙaramin buhu.

A buhun hatsi mai kilo 100 akwai tiya 40. Tiya 12 ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na buhu ba. A yau, da kaka, wannan ba ya karya maigida. Amma a watan Yuni, wanda ya je saye a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram ko ta Tawa ya san yadda tiya ke tashi kusan kowace shekara.

Manomi kome yunwa ba ya taɓa iri, domin ya san in ya ci iri ya ci gonar baɗi. Haka ya kamata a ɗauki wannan kaso. A zuba shi a buhu daban, a ɗaure, a rubuta sunan yaro a jiki. Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ga inda rubutu zai yi muku rana. Maigidan da zai tafi ci-rani ya ware shi kafin ya tafi, ya damƙa wa uwargida a gaban yaron. Kada a buɗe don biki, kada a buɗe don cefane.

Wannan kaso ba don a fifita ɗa ɗaya a kan sauran ba ne. In abincin ɗan jarrabawa yana gefe, tukunyar gida ma ta samu sauƙi, ƙannensa ba su rasa nasu ba. Jarirai da mata masu ciki da masu shayarwa kuwa, su ne tamowa ta fi saurin kamawa, ba a rage nasu don kowa.

YADDA ZA A ADANA HAR BAZARA

Hatsi a zangarniya yana daɗewa cikin rumbu. Wake ne mai wuya, domin ƙwari sukan mayar da shi gari cikin ƴan watanni. Tun shekarar 2007 aka fara yaɗa buhu mai ruɓi uku da ake kira PICS. Masana na jami'ar Purdue ta Amurka da na cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, reshen Maraɗi, sun yi aiki tare a kansa. Buhun yana da leda biyu masu kauri a ciki da buhu ɗaya a waje. Ba a sa magani. Rashin iska ne ke kashe ƙwarin.

Ga yadda ake yi. A shanya wake ya bushe ƙayau. A sheƙe shi, a fid da ƙaiƙayi da tsakuwa. A duba ledojin, kada a samu huji ko kaɗan. A zuba wake, a matse iska ta fita, a ɗaure ledar ciki ita kaɗai, a ɗaure ta biyu ita kaɗai, sannan a ɗaure buhun waje. A ɗora shi bisa katako ko duwatsu, nesa da bango, saboda ɓera. Wanda wakensa kaɗan ne, bido mai tsabta ya ishe shi, muddin ba a taɓa zuba mai ko maganin ƙwari a ciki ba. A cika shi har baki, a toshe murfin sosai. Kada a zuba wa abincin yaro maganin ƙwarin da ake saye a kasuwa ba tare da shawarar malamin gona ba.

Gujiya ta fi daɗewa a cikin kwanso. A ajiye ta inda babu laima. Wadda ta yi funfuna ko ta yi ɗaci a zubar, domin tana da dafin da ke cutar hanta, kuma suya ba ta kashe shi. Ganye kuwa a inuwa ake shanya shi, ba a tsakar rana ba, domin rana tana ƙone amfaninsa. In ya bushe a zuba a tulu ko leda a rufe.

Wanda ke shirin irin baɗi kuma, ya tambayi malamin gona labarin irin hatsin da ake kira Shakti. A shekarar 2018 aka fitar da shi a Nijar, aikin cibiyar ICRISAT ta Sadore da INRAN. Yana nuna da wuri, kuma ƙarfen da ke cikin ƙwayarsa ya fi na hatsin da aka saba.

ABIN DA YARO ZAI CI

Abinci iri uku ne, kamar duwatsun murhu. In ɗaya babu, tukunya ba ta zama.

Na farko mai ba da ƙarfi: hatsi, dawa, masara, shinkafa, rogo, dankali, mai da sukari.

Na biyu mai gina jiki: wake, gujiya, ƙuli-ƙuli, gujiyar ƙwaruru, riɗi, awara, nono, cuku, ƙwai, kifi, nama da fara.

Na uku mai kare jiki daga cuta: zogala, kuka, yakuwa, rama, alayyafo, kabewa, tumatir, karas, mangwaro, gwaba, lemun tsami da ƴaƴan kuka.

Ba sai an je kanti ba. Kowane yanki yana da nasa arziki. Mutanen Jiratawa da gulbin Maraɗi suna da zogala rani da damana. Na Agye da Cadawa suna da aya. Na Madarunfa da Tabalak suna da kifi, kuma busasshen kifi ƙanana da ake dakawa a miya har da ƙayarsa yana da amfani ƙwarai. Na Abalak da Tawa suna da cuku. Na Matamai da Magarya suna da kayan lambu. Na Ƙwanni da Galmi suna da tumatir da albasa. Mangwaro kuma a bazara yake nuna, daidai lokacin bita.

Da safe: wannan shi ne mafi muhimmanci. Kada yaro ya fita ciki wofi. Kunu ko koko da aka dama da gujiya ko garin ƙuli-ƙuli, ko ɗumamen tuwo da miya, ko koko da ƙosai. Ruwan kunu tsararo ba ya kai yaro hantsi. A yi shi da kauri.

Da rana: fura da nono, ko dambu da zogala da ƙuli-ƙuli, ko ɗan wake, ko shinkafa da wake. Yaron da lakwal ke masa nisa a ƙulla masa soyayyar gujiya, ko aya, ko dabino, ya sa a aljihu.

Da dare: tuwo da miyar ganye. A jefa wake ko daddawa ko garin kifi a ciki. A ci da wuri, kada a bari sai yaro ya fara gyangyaɗi.

Ga dubara uku da ba su cin ko dala. Ta farko: ƙarfen da ke cikin hatsi da wake da ganye ya fi shiga jini in an haɗa shi da abu mai tsami irin lemun tsami, tumatir ɗanye ko ƴaƴan kuka. A matsa lemu a kwaɗon zogala, a dama garin ƴaƴan kuka a kunu. Ta biyu: hatsin da aka jiƙa ya kwana, kamar na koko, jiki ya fi cin amfaninsa. Ta uku: shayi yana hana ƙarfe shiga jini. In za a sha, a bari sai awa ɗaya ko biyu bayan cin abinci.

Gishirin miya kuma a nemi mai iyod. Shi ke hana maƙoƙo, kuma ƙwaƙwalwar yaro tana bukatarsa. A ajiye shi a rufe, inda babu rana da laima.

Akwai masu cewa in yaro ya ci ƙwai zai yi sata. Wannan camfi ne. Da saukar ruwa zabi ke fara ƙwai. Kafin a kai duka kasuwa, a dafa wa ɗan jarrabawa ɗaya. Fara ma abinci ce mai gina jiki, amma a kiyayi wadda aka kama a inda aka yi feshin magani.

YARON DA KE MASAUKI A BIRNI

Ƙauyuka da yawa ba su da kwaleji. Yaro yakan tafi Tasawa, ko Mayahi, ko Dakwaro, ko Mirya, ko Madawa, ko Dogon Dutsi, ya sauka gidan dangi ko na abokin uba. Waɗannan yara su ne suka fi shan wuya a bazara. Mai masauki shi ma sayen hatsi yake yi, nasa ƴaƴa ma ga su. Yaron baƙo yana jin kunyar ya ce bai ƙoshi ba. Wani yakan shiga dako a kasuwa ko tura baro don ya samu na koko. Wani ya gudo gida ana saura wata ɗaya jarrabawa.

Uba, kada ka ce ai ɗan'uwanka ne, ba zai bar yaro da yunwa ba. Zumunci a ƙafa yake. Ka kai tiyar yaro da hannunka, ka gaida uwargidan masauki, domin ita ke riƙe da ludayi. In za ka iya, ka raba kai kayan sau biyu ko uku, ranar kasuwa, don ka ga yaron da idonka. Ka dubi jikinsa, ka dubi inda yake kwana, ka tambaye shi a keɓe. Ka je wurin darektan lakwal ka ji labarin karatunsa. Ka bar wa yaron ɗan canji na karin kumallo da na sabulu.

ƳA MACE

Yaro namiji in ya taso lakwal yakan samu inuwa ya buɗe kaye. Yarinya kuwa turmi na jiran ta, ga rijiya, ga itace, ga goyon ƙane, ga talla. Ita ce ta farkon tashi, ita ce ta ƙarshen kwanciya, kuma sau da yawa ita ce ta ƙarshen cin abinci. Bayan haka, yarinyar da ta fara al'ada tana zubar da jini kowane wata, don haka bukatarta ta ƙarfe ta fi ta namiji.

Iyaye mata, wannan aikinku ne. Wata biyu kawai ake roƙo. Kishiya, ko ƙanwar uwa, ko maƙwabciya ta karɓi dakan, in ta ɗiyarta ta zo a rama mata. In akwai injin niƙa a gari, a kai can. A sauke mata talla. A tanadar mata sabulu da ƙyalle mai tsabta ko audugar mata, kada ta ƙi zuwa aji don kunya. Maganar aure kuma a ajiye ta. Yarinyar da ta ji ana shawarar ranar bikinta ba za ta iya riƙe lissafi a kai ba.

GONA DA KAYE

In ruwan shuka ya sauka ana saura kwana goma jarrabawa, uba yana cikin tsaka mai wuya. Shuka ba ta jira. Amma jarrabawa ma ba ta jira, kuma sau ɗaya take zuwa a shekara. A yi shawara tun yanzu. Yaro yana iya taimakawa ranar da babu aji, da sanyin safiya, a sallame shi kafin rana ta take. Kada a hana shi zuwa aji don shuka ko kiwo. In hannu ya yi kaɗan, a kira gayya. Da zarar ya ajiye bik, ga babban hutu, wata uku yana tare da kai a noman farko da maimai har girbi.

RUWA, BARCI DA SANGE

Ƙishirwa tana kawo ciwon kai da kasala tun kafin yaro ya ce yana jin ta. Kowane yaro ya tafi lakwal da gorar ruwansa. In fitsarinsa ya yi rawaya mai duhu, ruwa ne bai isa ba. Ruwan farko na damana yana kwaso ƙazanta ya zuba a rijiyoyi da tafkuna, shi ya sa gudawa ke yawa a lokacin. A sha ruwan famfo. In babu, a tafasa, ko a jefa ƙwayar Aquatabs yadda aka rubuta a jikin takardarta. Ruwan dama fura shi ma ya zama mai tsabta. A wanke hannu da sabulu ko toka kafin ci da bayan fita ban ɗaki. In gudawa ta kama yaro, a ba shi ruwan gishiri da sukari na gidan likita, a ci gaba da ba shi abinci.

Barci ba lalaci ba ne. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke jera abin da aka koya da rana, kamar yadda ake jera damma a rumbu. Yaron firamare yana bukatar awa 9 ko fiye. Na kwaleji da lise awa 8 zuwa 10. Karatu da asuba, bayan salla, ya fi na tsakar dare. A samar masa fitila mai cajin rana. A rage masa zaman hira da kallon waya.

Akwai samarin da ke kwana shan shayi mai ɗaci da kafe wai don ido ya bushe. Washegari sai hannu na rawa, kai ya yi nauyi. Mafi muni shi ne tramol da sauran ƙwayoyin da masu tebur da masu yawo a keke ke sayarwa. Ba su ƙara ilimi. Suna sa faɗuwa irin ta farfaɗiya, kuma wanda ya saba da su barinsu wuya gare shi. Babu ƙwayar da ke buɗe kai. Duk wanda ya ce yana da ita, kuɗinka yake so.

Da saukar ruwa sauro ke dawowa. Yaro ya kwana cikin sange kowane dare, wanda ke masauki ma a kai masa nasa. In jikinsa ya yi zafi, a kai shi gidan likita a ranar, majo ya yi gwaji. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe har kwana uku. In zazzaɓi ya haɗu da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, a yi gaggawa ko da dare ne, domin alamar sanƙarau ce, kuma a lokacin zafi ta fi yawa.

KWANCIYAR HANKALI

Tsoro ma yana hana cin abinci, yana hana barci. Yaron da kullum ake ce masa "in ka faɗi kada ka dawo gidan nan" zai shiga aji gabansa na faɗuwa, abin da ya sani ma ya ɓace masa. Magana mai daɗi ba a sayen ta. Ka ce masa: "Yi iyakar ƙoƙarinka, Allah ya ba da sa'a." Ka zauna kusa da shi ya karanta maka, ko da ba ka jin faransanci. Ka tambaye shi lissafin tiya da buhu, ka ga yadda zai yi. A yi masa addu'a, a kuma cika masa ƙwarya, domin an ce tashi in taimake ka.

Wani abin da ke tayar da hankali a ƙarshe shi ne takardar haihuwa. Ana bukatar ta wajen rubuta sunan yaro a jarrabawa. Wanda ɗansa ba ya da ita ya je wurin darekta da ma'aikatar magajin gari tun yanzu, kada a bari sai an kusa rufe rajista.

RANAR JARRABAWA

Sau da yawa ba a ƙauyen yaro ake yin jarrabawa ba, sai an tafi babban gari. A isa tun jajibere. A san inda yara za su kwana da wanda zai dafa musu. A haɗa bik biyu, da fensir, da takardar kira tun da dare. A kwanta da wuri. Da safe a ci abin da ciki ya saba da shi. Ba ranar gwada sabon abinci ba ce, kuma a kiyayi abincin bakin hanya da ƙuda ke bi. Da rana a ci kaɗan mai kyau, domin cika ciki da tuwo mai nauyi yana kawo barci. A riƙe gorar ruwa.

WANDA DAMANA BA TA YI MASA KYAU BA

Ba kowa ne ya cika rumbu bana ba. Akwai marayu, akwai gidan da uba ya tafi bai aiko ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗan gari in ya zama malami ko majo ko malamin gona, gari duka ke amfana.

Gwamnati da hukumar abinci ta duniya, PAM, suna ciyar da yara a wasu makarantu. Ƙasashen Afirka ma sun ware ranar 1 ga watan Maris don tunawa da ciyar da ƴan makaranta, kuma a Yamai aka yi bikinta na farko a shekarar 2016. Amma ba kowace lakwal ke da kantin ba. Inda babu, gari ne zai tsaya.

Kwamitin lakwal da ƙungiyar iyaye su zauna da maigari da liman tun da kaka. Kowane gida ya kawo tiya ɗaya ko biyu, a rubuta a kaye, a ajiye a hannun amintattu biyu. A watan Mayu da Yuni mata su riƙa dama wa ƴan aji shida kunu da safe, bi da bi. Ranar tafiya jarrabawa a ɗauki guzuri daga ciki. Inda akwai bankin cimaka, a roƙi kwamiti ya ware wani kaso. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a shekarar 1991, sun nuna cewa ƴan kuɗi kaɗan da ake zubawa kowane mako suna tara abin mamaki. Asusun mata yana iya sayen mai da sukari da sabulu. Mai fitar da zakkar hatsi kuma ya tuna da maraya ɗan lakwal da ke maƙwabtaka da shi.

Jama'a, in kun taru wurin sauraren rediyo ko a ajin karatun manya, wanda ya iya ya karanta wa sauran wannan takarda. Sannan ku tambayi juna: yara nawa ne za su yi jarrabawa bana a garinmu? Nawa ne ke masauki a wani gari? Wane gida ne ba zai iya ware tiya 12 ba? Wa zai riƙe kayen lissafi? Kada a watse sai an sa rana.

Allah ya sa albarka a abin da muka girbe, ya ba yaranmu lafiya da sa'a, ya kai mu damana mai zuwa lafiya. Amin.